Gidan da Ba a Shiga da Turare

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A bakin famfo a tare ni, a gidan suna a tare ni, har ana cewa wai na ga teku na dawo da girman kai. Wallahi ba haka ba ne. Abin ne in na buɗe baki sai in rasa ta inda zan kama shi. To ga shi na zauna na rubuta muku. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san a aji huɗu na tsaya. Roƙona ɗaya: ya tsaya tsakaninmu mata, kada ya kai zauren surukina, Baba Malam.

Ga wadda ba ta sani ba, baban Walidi mai haɗa turare ne a Dutse. Allah ya ba shi hanci. In miya ta kama mini, tun daga bakin layi yake sani. Goggo Atine, ƙanwar Baba Malam, mai saro atamfa a Kwatano, ita ta kai turarensa can, wata mata ta saya ta tambayi wanda ya haɗa. Ba a jima ba aka aiko masa da aiki. Ya tafi ina da cikin wata huɗu. Aka haihu, aka yi suna, yaro ya fara zama, uban bai taɓa ganinsa ba sai a waya.

Aike kam yana zuwa. Saƙonninsa ne dai. Duk tafiyar Goggo sai ya ce a kai masa wani abu: ƙasar bayan rumbunmu na Aujara in an yi ruwan farko, guntun itacen da ya ƙone a wutar makarantar allo, dabinon Dutse, tsohon kallabina kada in wanke. Na ɗauka kewa ce, har daɗi na ji.

Sai wani bidiyo ya fara yawo a kasuwa. Wani tsohon Bature ne a gaban kwalaben giya yana surutu, a bayansa kuma, can gefe, mutum ya sunkuyar da fuska cikin kofi. Rabin fuskar kawai ake gani, amma duk wanda ya san tabon da ke bayan kunnen baban Walidi ya gane shi. Kwana uku Baba Malam bai fito karatu ba. Ran na huɗu ya kira Goggo ya ce ta tafi da ni, don ni kaɗai ce zan iya matsawa kusa da shi har in san gaskiya. In yana sha, ya cire hannunsa daga kansa duniya da lahira. Babana kuma ya aiko cewa in hakan ta tabbata, da kansa zai zo ya kwashe kayana.

Da na gaya wa baban Walidi muna tafe, sai ya ce in taho da hular yaro wadda ba a wanke ba.

Kun san yadda mace ke shirin zuwa wajen miji. Kwana uku ina turara kayana a kan kwando, har zannuwan goyo. Na yi kitso, na yi lalle, na cika kwalba da humra. Na ɗaure masa daddawa da yaji da kuka da man shanu.

Daddawar nan ita ta fara tona mana asiri. Daga Aujara zuwa Dutse zuwa Kano lafiya lau. A doguwar motar Legas kuwa, da rana ta buɗe, sai mutane suka fara waige-waige. Kwandasta ya rantse ɓera ne ya mutu a motar, ya bi kujera-kujera yana leƙawa. Goggo ta janyo jakar ta zauna a kai, ta ce ita mura take yi, ba ta jin komai. Haka ta yi tafiyar nan a kan daddawa har Legas, tana sauka tana ɗingishi tana cewa ai ɗan yayanta ya ci bashin ƙugunta. Ni dai ban yi dariya sosai ba. Duk tsayawar mota sai na taɓa ƙirjin Walidi in ji yana numfashi.

Legas ban ga komai ba sai gadoji da bayan Goggo, don mayafinta na riƙe. A iyaka, wajen da ake kira Seme, shinge ya fi goma, kowanne da mai tambayarsa. Wani ya karɓi katin rigakafin Walidi yana juya shi, ya tambayi ina ubansa. Na ce wajensa za mu. Ya buɗe jakata, ya ciro humra, ya shinshina, ya kalle ni ya ce da gurɓatacciyar Hausa, giya ce? Na ce a'uzubillahi. Ya shafa a wuyansa ya ce mu wuce. Goggo ta yi ta dariya. Ni kuwa na ga kamar an yi mini ishara.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acabarsu duk rawayar riga, mata ma tuƙawa suke da goyo a baya. Fetur a manyan kwalabe ake sayarwa a bakin titi kamar man gyaɗa. Mun sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan wata Hajiya da Goggo ta saba. Hausa suke yi, amma rabinta Faransanci, sai ka ji kamar tuwon gidanku da miyar wani gida. Aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, da wani abu kamar kafa a ganye, da kifi da barkono. Na ci don nono.

Da safe na yi wanka, na sa atamfar da ta fi shan turare, na shafa humra har bayan kunne. Muka hau babur zuwa wata unguwa kusa da teku, inda babu kowa a titi sai dogayen katangu.

Maigadin gidan tsoho ne, mutumin Damagaram, Baba Iliya. Ya amsa gaisuwarmu da fara'a, ya dubi lallen hannuna, sai fara'ar ta gushe. Ya ce, "'Yata, kin sa turare ko?" Na yi mamaki, don makaho ma zai san na sa. Kafin in amsa wata mata ta fito, doguwa, kanta a aske, cikin farar riga. Tana taku goma daga gare mu ta tsaya cak ta toshe hanci. Ita ce Madam, wadda ta sayi turaren tun farko. A Zangon garin Faraku, can arewacin ƙasar, ta tashi, Hausarta tas. Ta ce ba a shiga gidan nan da ƙamshi kowane iri. In ina son ganin mijina sai na yi wanka.

Goggo ta ce ita da girmanta ba mai tuɓe ta, ta zauna a bencin Baba Iliya. Ni aka kai ni banɗaki a jikin katanga, aka ba ni wani sabulu da ba ya ƙamshin komai. Sau uku ina fitowa Madam tana shinshina wuyana tana mai da ni. Sai da ta sa na wanke kitson. Walidi ma aka wanke shi. Aikin kwana uku ya bi kwata ina kallo. Aka ba ni farar riga har ƙasa da farin ɗankwali, na dubi kaina na ce wannan ai sai gawa. Hular yaron kaɗai Madam ba ta ce a cire ba. Ta dube ta, ta ce a bar masa.

Ban taɓa sanin gida yana da ƙamshi ba sai da na shiga wanda ba shi da shi. A wajenmu ko masallaci yana ƙamshin tabarma. Nan babu hayaƙi, babu ƙaurin girki, babu fure, babu ko kyanwa. Kicin ma a wani gini yake can nesa. Sanyi kawai da farin bango. Na riƙa jan numfashi ina jin kamar hancina ne ya mutu. Walidi mai gwaranci ya yi tsit ya lafe a ƙirjina.

Sai ga baban Walidi a ƙarshen baranda, shi ma cikin farar riga. Ya yi ƙiba, ya yi haske. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallon yaron, idonsa ya kawo ruwa, amma hannuwansa suna bayansa. Ya ce in yi haƙuri, sai an gama aikin safe zai ɗauke shi, don kada hancinsa ya ɗauki wani abu. Na miƙe kamar zan gyara goyo, na matsa daf da shi na ja numfashi, don abin da aka aiko ni ke nan. Babu warin giya. Babu goro, babu asuwaki, babu zufa, babu shi. Da ido rufe ne da ban san akwai mutum a gabana ba.

Da hantsi suke aikin, wai lokacin hanci ya fi kaifi. Madam ta ce in zauna a kusurwa in yi shiru. Ɗakin labulensa a sake, kwalabe tun daga ƙasa har rufi, wasu kalar zuma, wasu kalar shayi, wasu kamar man gyaɗa. Sunan giyar wiski. Ta nuna mini da alfahari kamar mai nuna jeren ɗaki: waɗannan daga Sikotilan, waɗannan Ailan, ga na Amurka, ga na Indiya, ga na Japan. Ta ce a gangar itace ake rufe ta shekara da shekaru, wata ma ta girme ni. In an buɗe sai a tarar ta ragu ba wanda ya sha, su kuma sai su ce rabon mala'iku ne. Na yi istigfari a zuciyata. Na san dai ba mala'iku ke sha ba, wanda ke sha kuwa ban so in yi tunaninsa a ɗakin ba.

A ɗaya bangon akwai wata kanta ta ƙananan kwalabe masu murfi, kowacce da takarda. Na ƙura ido. Jar ƙasa. Gawayi. Dabino uku. Sai wani ƙyalle shuɗi mai ɗigon fari a naɗe. Kallabina ne, wanda na yi amarci da shi. Kusa da shi akwai wata kwalbar, wankakkiya, ba komai a ciki, takardarta fara. Na sa hannu na dafe kan Walidi.

Tsohon Baturen nan na bidiyo ya shigo da sanda. Fatarsa kamar takardar da ta jiƙe ta bushe, hancinsa a karkace da tabon ɗinki. Ya ɗaga mini hannu, ya zauna gaban kyamara. Daga baya na ji hatsarin mota ya yi shekarun baya, tun ranar bai sake jin ƙamshin komai ba. Masu kallonsa a duniya ba su sani ba.

Ga yadda suke yi. Madam ta zuba kaɗan a kofin gilashi mai tumbi da tsukakken baki, ta ɗiga ruwa, ta rufe, a jira. Baban Walidi yana tsaye, hannuwa a baya kamar wanda aka kama, ido rufe. Ita za ta buɗe ta kai masa hanci. Ya ja numfashi gajeru biyu, dogo ɗaya. Sai ya yi magana da wata murya a kwance da ban san shi da ita ba, ita kuma ta rubuta ta juya wa tsohon da yarensu.

Ta Sikotilan ya ce wutar makarantar allo ce da aka yayyafa wa ruwa da asuba, da busasshen kifi, da ɗan warin asibiti. Ta Amurka ya ce gasasshiyar masara da alewar madara da sabon turmi. Ta Indiya, dabinon Dutse da ya kwana a aljihu, da kanumfari. Tsohon ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a wata tasa. Sannan ya kalli kyamara, ya dafa ƙirji, ya lumshe ido ya faɗa da yarensu, kamar shi ne ya zauna a bakin wutar nan yana yaro. A ƙarshe ya ba kowacce maki.

Ta Japan ta ba baban Walidi wuya. Ya ce a kawo ƙaramar kwalba ta bakwai. Madam ta ɗauko kwalbar kallabina ta buɗe masa. Ya shinshina kofi, ya shinshina kallabi. Ya ce ƙasa ce bayan ruwan farko, da turaren wuta da ya huce a ɗaki, da wuyan mace da rana. Madam ta rubuta. Na ji kamar an yaye mini zane a tsakiyar kasuwa. Tsohon ya ji daɗin wannan ƙwarai, har ya ɗaga yatsa.

Ta ƙarshe fara-fara ce, wai ba ta daɗe a ganga ba. Ya shinshina ya sake, ya ce akwai wani abu mai taushi a ciki da bai san sunansa ba. Sai Walidi ya yi ɗan kuka.

Ban ga lokacin da ubansa ya juyo ba. Ya tako a hankali, idonsa a rufe, hannuwa a baya, ya sunkuya a kan ɗansa. Gajeru biyu, dogo ɗaya. Ya fara da muryar nan: nono, gero sabon daka, rana a kan tabarma. Na ji ƙarar alƙalamin Madam. Na ga tsohon ya nuna kwalbar nan da ba komai da sandarsa.

Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba na ce, "Ka ɗauke shi."

Ya buɗe ido kamar na tashe shi daga barci.

Na ce, "Ba kofi ba ne. Ɗanka ne. Da hannu ake ɗauka."

Wallahi sai da na ga kafaɗunsa suna motsi kamar hannuwan sun manne. Sannan suka zo gaba. Ya karɓe shi. Walidi ya dube shi, ya dube shi, ya kama gemunsa, sai ya kelaya masa tumbuɗi tun daga wuya har ciki. Ƙarnin nono ya cika ɗakin. Ban taɓa jin daɗin ƙarni ba sai ranar. Madam ta rufe littafinta ta ce aikin yau ya lalace. Tsohon bai ji komai ba, sai kallonmu yake ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me ya faru.

A ɗakinsa na baya aka kawo masa abinci: farar shinkafa da dafaffiyar doya, ba albasa, ba yaji, gishiri kaɗan. Shekara guda abin da yake ci ke nan. Na tambaye shi zancen hannu. Ya ce a zauren Baba Malam ya haddace waɗanda aka tsine wa a kan giya, mai matsawa, mai ɗauka, mai zubawa, mai sayarwa, mai sha. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa bai ga mai shinshinawa ba. Shi ya sa tun ranar farko ya ce ba zai taɓa ko kofin ba. Na so in ce albashin fa? Sai na tuna da shi aka sayi ragon suna, na haɗiye. Na ce ya zo mu tafi gida. Ya ce saura kwalabe kaɗan tsohon ya gama littafinsa.

Da na fito na mai da kayana, Baba Iliya ya roƙi in ba shi mayafina. Ya kifa fuskarsa a ciki ya daɗe, ya miƙo mini ya ce, "Yana da ƙamshi ko?" Na ce sosai. Ya ce ya gani a fuskar Madam. Sannan ya gaya mana shi ne a wajen kafin baban Walidi. Shekara shida yana tsayuwar nan, wata safiya aka kai masa kofi ya ji kamar ruwa. Ya koma Damagaram, tuwon mahaifiyarsa ya zame masa yashi, ɗakinta kamar ɗakin kowa. Bai yi wata biyu ba ya dawo ya roƙi gadi. Na ce masa ai baban Walidi saura kwalabe kaɗan. Ya ce, "Ni ma saura kaɗan ne."

Kwana huɗu na yi, kullum da wanka uku. Daddawar da ta sha wuya Hajiyar Zango muka bar wa. Ran tafiya baban Walidi ya rako mu bakin ƙofa da yaron a kafaɗarsa, ya tsaya daidai inda katanga ta ƙare.

Dawowa ba abin labari. Mun iso Aujara da la'asar. Baba Malam ya sa aka kira ni, na durƙusa daga bayan labule. Tambaya ɗaya ya yi: yana sha? Na ce ba ya sha, ko kofin ba ya taɓawa. Ya yi hamdala sau uku, ya sa masa albarka. Gaskiya na faɗa. Bai tambayi sauran ba, ni ma ban ƙara ba.

Sai da na zo wanki na lura. Huluna uku na tafi da su, biyu na gani.

Kwana biyu ban ci abin kirki ba, ina ganin kwalbar nan da farar takarda. Ran Juma'a bayan masallaci baban Walidi ya kira. Ya tambayi kowa, ya tambayi ko an yi ruwa. Na ce an yi. Ya ce yaya ƙamshinsa? Na ce yana nan inda ya bar shi. Sai na ji ta cikin wayar, gajeru biyu, dogo ɗaya.

Na ce, "Hular tana kwalba ne?"

Ya ce, "Tana hannuna. Sun tambaya, na ce ta ɓata."

Na ce, "A hannunka?"

Ya ce, "A hannuna, Zulai." Can ya ce ƙamshin yana ta raguwa, kullum sai ya ƙara matsa ta kafin ya ji. Bai sani ba ko hular ce ke hucewa ko shi ne. Ko zan ba Goggo wata?

Na ce ba zan bayar ba. Ko ƙasa, ko dabino, ko zare. Mai hular yana nan, ya fara rarrafe, kansa kuma ba ya hucewa.

Goggo ta tafi ran Talata. Na duba jakarta da kaina kafin ta fita, ba komai namu a ciki. Ta ce in Allah ya so ba ita kaɗai za ta dawo ba, ko da kunne za ta jawo shi. Ni dai na share ɗaki, kullum da yamma ina sa garwashi a kasko in zuba turaren da ya haɗa da hannunsa kafin ya tafi, in bar ƙofa a buɗe. In ya shigo layin nan ya ce wa ya cika wuta har turare ya ƙone, to mijina ne ya dawo. In kuwa ya shigo bai ce komai ba, ku taya ni da addu'a.